'Yar masu ƙasa da ta ɗauki bindiga: Constance Markievicz da gidan Gore-Booth

Ƙanwata, kince kin ga hoton wata Baturiya cikin kakin soja riƙe da ƙaramar bindiga, an rubuta a ƙasa wai 'yar manyan gida ce amma ta yaƙi Ingila saboda Ayilan, shine kike son sanin wacece, ya akayi wadda aka haifa cikin daular da Ingila ta gina ta juya mata baya, kuma ya suka ƙare da danginta. Toh kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi, dan na daɗe ina koyar da tarihin Turai kuma wannan matar tana cikin mutanen da bana gajiya da maganarsu. Ki yi haƙuri amsar zata ɗan yi tsawo.

Sunanta na gida Constance Gore-Booth, an haife ta a Landan ran 4 ga Fabrairu 1868, amma a Lissadell ta tashi, wani ƙaton gida na dutse ruwan toka a bakin teku cikin yankin Sligo, arewa maso yammacin Ayilan. Markievicz sunan mijinta ne. Abinda nake so ki riƙe tun daga farko shine ba rana ɗaya ta farka ta bar gida ba, kuma ba ita kaɗai bace a gidan. Ruwa baya tsami banza. 'Ya'yan gidan nan uku, ita da ƙanwarta Eva da ƙaninta Josslyn, kowa sai da ya saki gadon da aka bar musu, kowa ta hanyarsa, ita dai tata hanyar ce tafi ƙara shiyasa ita aka sani.

Amma sai kin fara gane su waye waɗannan da ake kira Anglo-Irish, in ba haka ba labarin bazai zauna miki ba. Tun ƙarni na 16 da na 17 sarautar Ingila ta riƙa ƙwace ƙasa daga hannun 'yan asalin Ayilan, waɗanda mafi yawansu Katolika ne, tana rabawa sojojinta da fadawanta 'yan Furotesta. Kakannin Gore ta wannan ƙofar suka shigo, soja ne ya zo daga Ingila, zuriyarsa ta samu ƙasa a Sligo. Bayan an ci Katolika da yaƙi a 1690 zuwa 1691 sai aka kafa dokoki masu tsanani, ɗan Katolika ba zai shiga majalisa ba, ba zai sayi ƙasa ba, in ya mutu a raba gonarsa tsakanin duk 'ya'yansa maza dan ta ƙanƙance, sai dai in babban ɗan ya koma Furotesta toh shi sai ya kwashe duka. Kafin 1703 abinda ya rage a hannun Katolika bai wuce kashi 14 cikin ɗari na ƙasar ba, alhali sune mafi yawan jama'a nesa ba kusa ba. Kinga kenan mutum yana noma gonar kakansa amma ɗan haya ne, duk shekara sai ya kai kuɗi babban gida, in ya kasa a rushe masa ɗaki a kore shi.

Su kuma masu babban gidan sai suka zama kamar jemage, ba ga tsuntsu ba ba ga dabba ba. In sun je Landan ana musu kallon 'yan Ayilan, 'yan ƙauye masu son doki da farauta, in sun dawo gida talakawansu suna musu kallon Ingilishi 'yan mamaya duk da an haifi kakan kakansu a nan. Daga cikinsu daular Birtaniya ta riƙa samun hafsoshi da gwamnoni, Duke na Wellington wanda ya ci Napoleon da yaƙi a Dublin aka haife shi. Mu ma nan sun taɓa mu, domin Flora Shaw wadda ta kawo sunan Najeriya a jaridar Times a Janairun 1897 kuma ta auri Lugga a 1902, jikar irin wannan gidan ce, kakanta Sir Frederick Shaw babban mutum ne a Dublin. Ajin mutane ɗaya, ɗaya ta ba daula alƙalaminta, ɗaya ta ɗaga mata bindiga.

Yanzu gidan su Constance. Kakanta Sir Robert Gore-Booth shi ya gina Lissadell tsakanin 1830 da 1835, gandunsu ya kai eka 32,000. Sarautarsu ita ake kira baronet, wato laƙabin Sir da ake gada daga uba zuwa babban ɗa, ba su kai manyan lod-lod ba amma a Sligo su ne masu faɗa a ji. A zamanin wannan kakan ne babbar yunwa ta faɗo, daga 1845 cuta ta kama dankalin Turawa wanda shine abincin talaka safe da dare, kusan mutum miliyan ɗaya suka mutu wani miliyan ya tsallake teku. Har yau ba'a gama gardama kan Sir Robert ba. Ya ci bashi da jinginar gandu ya sayo abinci ya ciyar da mutane, wannan gaskiya ne. Ya kuma biya kuɗin jirgi ya tura talakawansa kusan 1,500 Kanada a 1847, wannan ma gaskiya ne, kuma jikokin waɗanda aka tura da yawa basu ɗauke shi a taimako ba, sun ɗauke shi a share fili ne, a rage bakin ciyarwa a samu wurin kiwon shanu. Ni a ganina duka biyun suna cikin mutumin, kuma duk yaron da ya tashi a gidan ya tashi ne cikin wannan nauyin ko an faɗa masa ko ba'a faɗa ba, dan masu aikin gidan da masu kula da dawaki 'ya'yan waɗanda suka sha yunwar ne.

Babanta Sir Henry mutum ne mai son teku, yana da jirginsa mai suna Kara yana tafiya can arewacin duniya wajen ƙanƙara ya yi watanni. Amma a 1879 da amfanin gona ya sake lalacewa yana gida, ya buɗe rumbu aka riƙa raba abinci a Lissadell, Constance tana shekara goma sha ɗaya, Eva tana tara, da idonsu suka ga layin mutane a ƙofar gidansu. Wallahi ina ganin wannan shekarar ta yi aiki a zukatan yaran nan fiye da duk wani littafi da suka karanta daga baya.

Sauran tarbiyyarta irin ta 'yan matan ajinsu ce, malama a gida, Faransanci, zane, hawan doki, kuma a doki kam an shaide ta a duk yankin ba ta da tsoro ko kaɗan, ga harbi ta iya tun tana yarinya. A 1887 aka kai ta Landan aka gabatar da ita gaban Sarauniya Victoria kamar yadda ake yi wa 'yan matan manya in sun isa aure, manufar kenan a samu miji mai ƙasa. Ba ta yi auren ba. Ta nace sai ta koyi zane, a 1893 ta shiga makarantar Slade a Landan, daga baya ta wuce Paris. Kafin ta tafi Paris, a 1896 ita da Eva da ƙanwarsu Mabel sun kafa ƙungiyar neman wa mata 'yancin zaɓe a Sligo, suka yi taro a Drumcliff maza suka cika wurin suna musu ihu, Constance ce shugaba.

Eva ce ta fara fita. A 1897 ta bar Lissadell gaba ɗaya ta koma Manchester unguwar ma'aikata, ita da Esther Roper wadda suka haɗu a Italiya kuma suka zauna tare har mutuwa, suna haɗa kan mata masu aiki a masaƙu su kafa ƙungiyar ƙwadago. Eva marubuciyar waƙe ce, mai raunin jiki, kuma ta tsani zubar da jini, ko yaƙin duniya na farko ta ƙi goyon baya, kinga bambancinta da yayarta kamar gabas da yamma amma duk duniya babu wanda Constance take ji da shi kamar Eva. A 1908 ma Constance ta je Manchester ta taya ta kamfen a kan Winston Churchill saboda wata doka da zata hana 'ya'ya mata aiki a mashaya, ta tuƙa keken doki mai farare huɗu a tsakiyar gari, kuma Churchill ya faɗi wannan zaɓen.

Josslyn shi mutane suka fi mantawa, kuma ni ina ganin ba'a yi masa adalci ba. Shi ya gaji sarauta da babansu ya rasu a 1900. Ya shiga harkar ƙungiyoyin gama kai na manoma, ya taimaka aka kafa wurin sarrafa madara, ya buɗe sana'o'i a gandun dan mutane su samu aiki har da noman furanni na sayarwa. Da gwamnati ta kawo dokar filaye ta 1903, wadda ake kira dokar Wyndham, inda take ba 'yan haya rance su sayi gonakin da suke nomawa, yana cikin na farko da suka amsa, ya sayar da eka wajen 28,000 cikin 32,000. Bai taɓa barin biyayya ga sarautar Ingila ba, siyasar yayarsa ba ta masa daɗi ko kaɗan, amma a aikace shi ya mayar da ƙasar hannun masu nomanta.

Toh ita kuma a Paris ta haɗu da Casimir Markievicz, ɗan Poland mai zane da rubuta wasan kwaikwayo, danginsa suna da gandu a Yukren wadda lokacin take ƙarƙashin Rasha, matarsa ta rasu ta bar masa ɗa Stanislas, kuma Constance ta girme shi da shekara shida. Ana kiransa Count, daga nan ta samu laƙabin Countess, duk da masu bincike da yawa suna shakkar ko sarautar tasa ta gaske ce. Suka yi aure a Landan a Satumban 1900, a 1901 ta haifi 'yarta ɗaya tilo, Maeve, a Lissadell.

Nan ne wajen da yake min ciwo a labarin, kuma bazan ɓoye miki ba dan ina son matar. Maeve a hannun kakarta ta tashi, Lady Gore-Booth, a Sligo. A ajinsu ba baƙon abu bane uwa ta bar yaro wajen masu raino, mu ma mun san riƙon kaka, amma wannan ya wuce riƙo, uwar ta tafi ne kusan gaba ɗaya. Masu rubuta tarihinta sun kawo cewa bayan shekaru na kurkuku da ɓuya, da zasu haɗu a wani otal a Landan wajen 1922 sai da aka kwatanta wa ɗaya kamannin ɗaya. Ki duba fa, matar da ta ciyar da dubban 'ya'yan talakawa a Dublin, yaran unguwa suna shiga gidanta kamar na uwarsu, amma tata 'yar ta girma tana jin labarinta a jarida. Mijin ma a hankali suka yi nisa, a 1913 ya koma gabas ya zauna, ba saki ba faɗa, kowa dai ya kama gabansa.

Siyasa ta shige ta a makare, tana da shekara arba'in. Sun dawo Dublin a 1903 suna harkar zane da wasan kwaikwayo, ana gayyatarsu liyafa a fadar gwamna. A 1908 ta shiga Sinn Féin, jam'iyyar masu neman 'yancin Ayilan, da ƙungiyar mata 'yan kishin ƙasa, kuma da farko basu yarda da ita ba, wa zai yarda da 'yar Gore-Booth mai maganar 'yan sarauta, wasu sun ɗauka 'yar leƙen asiri ce wasu sun ɗauka sha'awa ce ta 'yar masu kuɗi zata wuce. A 1909 ita da Bulmer Hobson suka kafa Fianna Éireann, ƙungiyar samari kamar sikawut amma ana koya musu harbi, ita da kanta take koyarwa. A 1911 aka fara kama ta wajen zanga-zangar zuwan Sarki George na biyar. Sai 1913 da masu kamfanoni a Dublin suka rufe wa ma'aikata wajen 20,000 ƙofa saboda sun shiga ƙungiyar ƙwadago ta Jim Larkin, wata da watanni ba albashi, ita ce a ɗakin girki na Liberty Hall, hedkwatar ƙungiyar, tana fere dankali tana raba miya, ta sayar da gwala-gwalanta ta ci bashi dan tukunya kada ta sauka. Daga nan talakan Dublin ya daina mata kallon baƙuwa, suka koma ce mata Madam kawai. A nan kuma ta manne wa James Connolly, jagoran 'yan ƙwadago, da rundunarsa ta ma'aikata.

Hoton da kika gani na gab da tawayen Ista ne. Ran Litinin 24 ga Afrilu 1916 'yan tawaye suka kama wurare a Dublin suka yi shelar jamhuriya, ita tana dandalin St Stephen's Green a matsayin mataimakiyar kwamanda Michael Mallin, da sojoji suka riƙa musu ruwan harsashi daga saman otal sai suka koma ginin kwalejin likitocin tiyata suka riƙe shi har Lahadi. Akwai maganar da dole in faɗa, an harbe wani ɗan sanda mara makami mai suna Michael Lahiff a wurin ranar farko, wata nas ta rubuta cewa da idonta ta ga Constance ta harbe shi, wasu masana tarihi sun karɓa wasu sun ce lokacin ba ta iso wurin ba, har yau ana ja. Ko ma waye ya harba, mutum ne ya mutu a bakin aikinsa kuma tana cikin masu jagorancin wurin, bai kamata masu sonta su tsallake wannan ba. Da suka miƙa wuya, hafsan Birtaniya da ya karɓi bindigarta, Kyaftin de Courcy Wheeler, mijin wata danginta ne, ta sumbaci bindigar kafin ta miƙa masa. Kinga yadda abin yake, yaƙin nan a cikin dangi ɗaya ake yinsa.

Kotun soja ta yanke mata hukuncin kisa, aka sassauta zuwa ɗaurin rai da rai saboda kawai mace ce. Tana cikin kurkukun Kilmainham tana jin ƙarar harbin abokanta da asuba, daga baya aka harbe Mallin, aka harbe Connolly a ɗaure kan kujera saboda raunin ƙafarsa. Aka kai ta Aylesbury a Ingila cikin masu manyan laifuka tana wanke-wanke da goge ƙasa. Eva wadda ta tsani bindiga ita ta riƙa zirga-zirga tana nema mata sassauci tana rubuta mata wasiƙu, Josslyn wanda bai yarda da ko ɗaya cikin abinda tayi ba shi ya riƙe mata lamuran kuɗinta. Da aka sake ta a Yunin 1917 ta karɓi Katolika, addinin talakawan gandun babanta, wanda a wajen danginta wannan ma wata ƙaura ce.

Abinda ya biyo baya shi aka fi rubutawa dan haka zan gajarta. A zaɓen Disamba 1918 tana kurkukun Holloway ta ci kujerar Dublin St Patrick's, ita ce mace ta farko da aka taɓa zaɓa zuwa majalisar Birtaniya, amma kamar sauran 'yan Sinn Féin da suka ci kujeru 73 ta ƙi zuwa ta yi rantsuwa ga sarki, suka kafa tasu majalisar a Dublin. Daga Afrilun 1919 zuwa Janairun 1922 ita ce ministar ƙwadago, rabin lokacin tana ɓuya ko tana tsare, kuma Ayilan ba ta sake samun mace a majalisar ministoci ba sai 1979. Ta ƙi yarjejeniyar sulhu da aka ƙulla da Birtaniya a 1921 saboda ba'a cire rantsuwa ga sarki ba, ta tsaya ɓangaren da ya sha kaye a yaƙin basasa. A shekarun nan daga 1920 zuwa 1923 an ƙona manyan gidajen masu ƙasa wajen 275 a Ayilan, Lissadell bai ƙone ba.

Ƙarshenta ya zo da sauri. Eva ta rasu a Yunin 1926, abin ya karya ta har ba ta iya zuwa jana'izar ba. Mahaifiyarsu ta bi a farkon 1927. Ita kuma lokacin ba ta da gidan kanta, tana zaune wajen wasu iyali a Dublin, da aka yi ƙarancin gawayi a hunturun 1926 da tsohuwar motarta take zuwa bayan gari ta ɗebo makamashi ta hau bene da buhu a kafaɗa ta kai wa tsofaffi. Ta shiga Fianna Fáil, sabuwar jam'iyyar de Valera jagoran waɗanda suka ƙi yarjejeniyar, ta sake cin zaɓe a Yunin 1927 da karyayyen hannu, sai ciwon appendix ya kama ta, aka kwantar da ita a asibitin Sir Patrick Dun, ta ce a sa ta a babban ɗaki cikin talakawa. Casimir ya taso daga Warsaw shi da Stanislas, Maeve ma ta zo. Ta rasu ran 15 ga Yuli 1927 tana da shekara 59. Gwamnatin lokacin, abokan gabarta na yaƙin basasa, ta ƙi yi mata jana'izar ƙasa, amma mutanen unguwannin talakawa suka yi dafifi a titi har maƙabartar Glasnevin, de Valera ya yi jawabi a bakin kabari.

Kin tambayi dangi, toh ga yadda suka ƙare. Maeve ta zauna a Ingila mafi yawan rayuwarta tana aikin tsara lambu, daga baya ta koma zane kamar iyayenta, ta rasu a 1962. 'Ya'yan Josslyn maza biyu, Brian da Hugh, sun mutu a yaƙin duniya na biyu cikin kakin Birtaniya, ƙasar da gwaggonsu ta yaƙa. Shi Josslyn ya rasu a 1944, babban ɗansa da ya gaji sarauta ba shi da lafiyar da zai riƙe gida, sai kotu ta karɓi kula da gandun, 'yan'uwansa mata suka shafe shekaru suna shari'a da rigima kan yadda ake sare itatuwa ana sayar da filaye, suna zaune a 'yan ɗakuna kaɗan cikin gidan da rufinsa ke yoyo. A 2003 magajin gidan ya sayar da Lissadell ga wasu lauyoyi mata da miji, suka gyara shi, yanzu masu yawon buɗe ido suna biyan kuɗi su shiga su ga ɗakunan da Constance da Eva suka tashi.